Kwamfutata Na Ɗaukar Zafi In Ina Buga Gem

Tambaya: Malam, laftof ɗita takan kai digiri 88 in ina buga gem, fanka na ta kuka. Za ta ƙone ne? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Lokacin gem, digiri 70 zuwa 85 ba komai ba ne. Taka ta ɗan haura, amma firosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ta doshi 100 take rage gudu don kare kanta. Ni ƙurar hunturu ta fi damuna, tana toshe fanka da ramukan iska. Kai wa mai gyara ya share ta, ya sabunta man da ake shafawa kan firosesa don fitar da zafi. Kuma don Allah daina ɗora ta kan katifa! Sa ta kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ka riƙa duba zafin da manhajar HWMonitor.