Zagayen gaɓar arewacin Sukotland da mota

Ɗan'uwa, ka ce daga Kano za ka taso, kana tambaya ko kwana uku za su ishe ka zagaye gaɓar arewacin Sukotland har da tsibirai. Gaskiya ba za su isa ba, ware mako guda. Hanyar North Coast 500 mai zagaye gaɓar, daga birnin Inverness, ta haura mil 500, kuma wurare da yawa mota ɗaya take ɗauka, sai ka raɓe wani ya wuce. A hagu suke tuƙi, saɓanin namu, don Allah kada ka hau sitiyari ranar da ka sauka da gajiya. Zuwa tsibirin Skye akwai gada. Tsibirin Lewis kuwa sai jirgin ruwa, misali daga garin Ullapool, yanki tikiti tun da wuri. Batun lasisi da inshora, tambayi kamfanin hayar kafin ka biya.