Ko rubutu a shafin 'yan sanda na Facebook ya zama ƙara?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. An sace mini babur a ƙofar shago, na rubuta labarin a ƙarƙashin wata sanarwar 'yan sanda a Facebook, yau kwana goma shiru. Shin hakan ya wadatar?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maka da alheri, amma abin da ka yi bai zama ƙara ba. 'Yan sanda sun fi amfani da kafafen sada zumunta wajen isar da saƙo ga jama'a: cigiyar yaron da ya ɓata, nuna kayan sata da aka ƙwato domin masu su su zo, ƙaryata jita-jita, da bayani kan katin ɗan ƙasa da fasfo, waɗanda a Kamaru hukumar 'yan sanda ta DGSN ce ke bayarwa. Masu kula da irin waɗannan shafuka galibi jami'an yaɗa labarai ne, ba masu bincike ba, kuma rubutunka na iya nutsewa cikin tarin na wasu.

Ƙara tana farawa ne lokacin da ka zauna gaban jami'i a komisariya (ofishin 'yan sanda) ko ofishin jandarma, ya rubuta bayaninka, ka sa hannu. Ka tafi da rasit da takardar rajistar babur, domin ɓarawo yana iya sauya fenti da lamba a dare ɗaya, amma lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta fi wuyar gogewa. Idan abin gaggawa ne, ka kira 117 don 'yan sanda ko 113 don jandarma.

Bayan ƙarar, hoton babur a zaurukan WhatsApp na masu haya da makanikai yana da amfani ƙwarai, musamman tunda iyakar Najeriya ba nisa. Sai dai kada ka saka suna ko hoton wanda kake zargi. Sashe na 78 na dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikin biyun, ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Kuma idan wani ya tuntuɓe ka da sunan kwamishina, yana cewa an ga babur amma ka tura kuɗin mai ta waya, ka tambaye shi ofishinsa, ka je da ƙafarka.