Inna ta ƙi barin ɗakinta na Daura bayan shanyewar ɓarin jiki

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 72 ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu mako uku da suka wuce, kuma an sallame ta daga asibiti. Ni a Katsina nake, a Ƙofar Ƙaura, ina so in dawo da ita gabana, amma ta ce ba inda za ta, a bar ta a ɗakinta na Daura. 'Yan'uwana sun rabu biyu. Me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri. A aikina na gashin ƙashi na sha ganin irin wannan, kuma shawarata ita ce ta zo Katsina, amma zuwan jinya mai wa'adi, ba ƙaura ba.

Dalili shi ne wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa. Tana bukatar gashi a kai a kai, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana kusa da kai. Ɗauko ta daga Daura, tafiyar kusan kilomita 80, duk ranar ganin likita, wahala ce da ba za ta ɗore ba.

Sai dai kada ku yanke hukunci a bayanta. Tsohuwar da ta saba da maƙwabtanta, da masu shigowa gaisuwar safe, in aka tsige ta da ƙarfi sai ta yi shiru, ta rage cin abinci, ta ƙi motsa jiki. Ka durƙusa ka ce mata, "Inna, wata uku kawai, in likita ya yarda ni da kaina zan mayar da ke." Kuma ka cika alkawari. A bar ɗakinta yadda yake, ta riƙe makullinta.

Ga tambayar da ba ka yi ba, alhali ita ce babba: wa zai yi jinyar? Kana wurin aiki, nauyin zai sauka kan mai ɗakinka, kuma ka san kunyar da ke tsakanin surukai. Da wuya Inna ta saki jiki matar ɗanta ta yi mata wanka ko ta kai ta bayan gida. Wasu har rage shan ruwa suke yi don gudun haka. A taho da 'yarta, ko ƙanwarta, ko jikar da ta saba da ita. Sauran 'yan'uwa kowa ya ɗauki nasa a fili, wannan kuɗin magani, wancan kwanan jinya.

A gida, in ba ta iya juyawa da kanta, a juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a riƙa duba ƙugu da diddige. Kada a ja ta da hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. A zaunar da ita sosai kafin ta ci abinci, ta ƙara rabin awa a zaune bayan ta gama. In tana ƙwarewa da ruwa, ku sanar da likita, don abin na iya gangarawa huhu. Ku samo kujerar bayan gida, tsugunno ba nata ba ne yanzu. Da hunturu a nisanta kaskon wuta da ruwan zafi daga ɓarin da ya shanye, tana iya ƙonewa ba ta ji ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙaunar da ke nakasa mutum. Duk abin da za ta iya, ko da riƙe kofi ne ko jan carbi, a bar ta ta yi, ko zai ɗauki lokaci. Sallah ma ta yi a zaune, ko a kishingiɗe in zaman ya gagara.

Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi, kuma a rage gishiri da dunƙulen miya. In bakinta ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko zazzaɓi ya haɗu da tari, ku wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.