Mai ciki a kurkuku: ta bi umarnin miji ta ƙi likita namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga unguwar Nima a Accra, Ghana, nake. Ƙanwata tana tsare a kurkukun mata na Nsawam, shari'arta ba ta ƙare ba, ga cikin wata bakwai. Da na je ziyara na ga fuskarta da hannayenta sun kumbura, tana kukan ciwon kai. Mijinta ya aika mata cewa bai yafe ba in ta bari namiji ya duba ta. Ta bi maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya kawo mata mafita.

Kada ta bi. Kumburin fuska da ciwon kai a tsohon ciki na iya zama alamar hawan jini, wanda in an yi sake yakan kai ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. A auna jininta yau, ba sai gobe ba.

Asali dai mace ce ke duba mace, don haka ta fara neman likita mace ko ungozoma. Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ba fursuna mace damar wannan roƙo, in kuma dole sai namiji, to ma'aikaciya mace ta tsaya a wurin. Fiƙihu ma haka ya ce: lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata. A buɗe inda ake dubawa kawai, kuma ba a keɓe ba.

Shi kuwa maigidan, kishinsa ya sauka inda bai dace ba. Biyayya a cikin alheri take, banda abin da zai halaka rai. Baghamidiya, matar nan da ta yi cikin zina, da kanta ta yi iƙirarin laifinta, amma Annabi (SAW) ya jinkirta mata haddi, ya mayar da ita sai ta haihu, sannan sai ta yaye, kamar yadda Muslim ya ruwaito. To ina ga wadda ko hukunci ba a yanke mata ba? A Malikiyya ɗauri ba ya sauke ciyarwa daga wuyan miji. Maimakon saƙon Allah ya isa, ya aika da abinci da kayan haihuwa.

Ku kuma sanar da lauyanta maganar cikin. Sashe na 313A na dokar shari'ar laifuka ta Ghana ya ce mai cikin da aka samu da laifin da ba na kisa ba, a yanke mata hukuncin da ba ɗauri ba ko a jinkirta shi.

Wallahu a'alam.