A'a, ban goyi bayan bindiga a aji ba

Malam, ka ce ɗanka ya samu gurbin karatu a Texas, kana tambaya ko daidai ne a bar ɗalibai su riƙa shiga jami'a da bindiga. A'a, ban goyi baya ba, duk da doka ta yarda. Tun 1 ga Agustan 2016, mai lasisi zai iya shiga aji da ƙaramar bindiga a jami'o'in gwamnatin jihar, muddin a ɓoye take. Masu zaman kansu an bar musu zaɓi, kusan duka suka hana.

Masu goyon baya kan tuna da mutum 32 da wani ɗan bindiga ya kashe a jami'ar Virginia Tech a 2007, kuma ban raina tsoronsu ba. Amma fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka, su suka harbe kansu. Da nake karatu a can, abokin ɗakina ya faɗi jarrabawa, ya kwana uku fuskarsa ga bango, abinci na hucewa a kan tebur. Da kyar muka lallashe shi ya ga likita. Har yau ina gode wa Allah da babu bindiga a jakarsa a daren farko.