Amsoshin Tambayoyinku: Shin an rusa tarihin Dakta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muna kallon Doctor Who tun ina sakandare, shi ne ma ya koya mini. Amma tun da aka haska kashin ƙarshe na zangon 2020, inda aka ce Dakta ba ɗan asalin Gallifrey ba ne, tsintacce ne, kuma ya sha yin rayuwa kafin Daktan farko da muka sani, Yaya ya rantse ya bar kallo. Ya ce an ci amanar aikin kusan shekara 57. Ni kuwa abin ya burge ni. Yanzu ko a wurin suna muka haɗu sai gardamar ta tashi. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma marubuci yana da hurumin sauya abin da magabatansa suka kafa?
Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya bar zumunci tsakaninka da Yaya. Bari in ɗan shimfiɗa wa waɗanda ba su san shirin ba tabarma, sannan mu shiga maganarku.

Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne mai dogon zango da BBC ta fara haskawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Jaruminsa, wanda ake kira Dakta, baƙo ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, yana yawo cikin zamunna a wani jirgi mai siffar rumfar wayar 'yan sanda. Idan ajali ya zo masa sai ya rikiɗa, ya samu sabon jiki da sabon hali. A kashin da ya raba ku, wanda aka nuna ranar 1 ga Maris 2020, Chris Chibnall ya rubuta cewa wata mai bincike, Tecteun, ta tsinci wata yarinya a wata duniya mai nisa, ta riƙe ta, ta ga ta faɗo daga kan dutse ta mutu ta tashi da sabon jiki, sai ta yi ta gwaje-gwaje a kanta har ta kwashi sirrin ta raba wa manyan Gallifrey. Yarinyar nan ita ce Dakta, an goge mata tunanin duk abin da ya gabata.

To, ka tambayi Yaya a hankali: wane tarihin ne aka ci amanarsa? Domin abubuwan da yake karewa babu ko ɗaya da aka fara shirin da shi. A 1963 Daktan farko, wanda William Hartnell ya fito a matsayinsa, wani tsoho ne mai faɗa, yana tafe da jikarsa Susan, ba a faɗi sunan garinsu ba. Rikiɗar ma larura ce ta haife ta: a 1966 lafiyar Hartnell ta yi rauni, masu shirin ba sa so a rufe, sai suka ƙirƙiro dabarar da ta kawo Patrick Troughton. Mutanen Dakta, Sarakunan Lokaci, ba su bayyana ba sai 1969. Zuciya biyu da kowa ya sani a ƙirjinsa, 1970 aka fara faɗa. Sunan Gallifrey kuwa sai a ƙarshen 1973 aka ji shi, bayan shekara goma cur ana kallo. Duk wanda ya zo ya aza tubalinsa ne a kan na wani, wani lokaci ma ya rushe kusurwa kafin ya aza.

Shekarar da nake so ku zauna ku duba ita ce 1976, don a nan ne amsarku take. A watan Janairu aka nuna labarin The Brain of Morbius. A ciki Tom Baker, Dakta na huɗu, ya yi kokawar ƙwaƙwalwa da wani mugu, wata na'ura tana nuna fuskokinsa na baya: Jon Pertwee, Troughton, Hartnell. Maimakon ta tsaya a nan sai ta ci gaba, ta nuna wasu fuskoki takwas da ba wanda ya sani. Ma'aikatan shirin ne aka sa wa tufafin da aka ɗauki hotonsu, kuma furodusan lokacin, Philip Hinchcliffe, ya bayyana cewa nufinsu shi ne Hartnell ba shi ne na farko ba. Kafin shekarar ta ƙare, Robert Holmes, wanda shi ne mai tace rubutun shirin, ya rubuta The Deadly Assassin, inda aka ce sau goma sha biyu kawai ɗan Gallifrey ke iya rikiɗa. Mutane ɗaya ne, ofis ɗaya, shekara ɗaya, suka bar magana biyu da ke da wuyar haɗuwa. Masu kallo suka riƙe ta biyun a matsayin doka, suka nemo wa ta farkon uzuri, suka ce ai fuskokin na mugun ne. Chibnall ya koma ya ɗauko fuskoki takwas ɗin nan, har ya sake nuna su a kashinsa.

Wani abin kuma, wannan labari na Holmes da yau ake rantsuwa da shi, sai da ya sha zagi lokacin da ya fito. Kafin shi ana ganin Sarakunan Lokaci kamar wasu masu iko da ba a iya tunkara. Holmes ya mayar da su tsofaffin 'yan siyasa masu ƙulle-ƙulle da ɓoye laifi. Shugaban ƙungiyar masoya shirin ta wancan lokaci, Jan Vincent-Rudzki, ya rubuta sharhi mai zafi yana kukan cewa an kashe armashin shirin. Kukan da Yaya yake yi kenan, sama da shekara 40 kafin nasa.

Akwai dalilin da ya sa tufka da warwara suka yi yawa a farkon zamanin. Babu bidiyo a gidaje, maimaici ba safai ba, marubuci yana aiki ne da abin da ya iya tunawa. Shi ya sa aka ba da dalili uku daban-daban na halakar birnin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972. BBC kanta ba ta ɗauki tsofaffin kaset da daraja ba, ta riƙa goge su tana ɗora wasu shirye-shirye a kai. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. A nan ne ma muke da hannu a tarihin: a Oktoba 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kashi tara da aka fid da rai da su suka dawo, na zamanin Troughton, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Duk sanda na bi ta Jos sai na tuna cewa wani yanki na wannan tarihi da ake faɗa a kansa ya yi shekaru yana shan ƙura a kan kanta a garin.

Ka ga ke nan, in dai hujjar Yaya ita ce an saɓa wa abin da aka faɗa a baya, ba ta da ƙafa. Amma kada ka yi saurin murna, ƙanena, don ina jin abin da ke cin ransa ya fi haka zurfi, kuma a nan ina tare da shi.

Abin da ya sa na so Dakta tun ranar da na fara ganin Christopher Eccleston, Dakta na tara, a zangon 2005 shi ne, a garinsu shi ba kowa ba ne. A wani labari na 1978 abokiyar tafiyarsa Romana ta tona cewa da ƙyar ya haye jarrabawar makarantarsu, maki 51 cikin ɗari, a zama na biyu. Mutum ne da ya ga manyan garinsu suna da ikon hana zalunci amma sun naɗe hannu, ya kasa jurewa, ya saci tsohon jirgi ya gudu. Darajarsa daga zaɓinsa ta fito. Da aka ce shi ne tushen duk wata baiwa ta Gallifrey, kuma rikiɗarsa ba ta da iyaka, sai aka mayar da darajar cikin jini. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi. Labaran wanda aka haifa da tambarin girma sun cika duniya, na wanda ya tsallake jarrabawa da ƙyar kuma ya zaɓi ya tsaya wa marasa ƙarfi su ne ba su da yawa.

Sai kuma yadda aka isar da saƙon. Jodie Whittaker, mace ta farko da ta ja shirin, kusan rabin kashin tana tsaye a ɗaure, tsohon abokin gabarta Master yana yi mata karatu. Babban sirrin rayuwarta, amma ba ita ta tono shi ba, kuma da ta fito babu wani mataki da ta ɗauka wanda sai da sanin sirrin za ta iya ɗauka. Kwatanta da 2013. Eccleston ya ƙi dawowa bikin cika shekara 50, sai Steven Moffat ya ƙirƙiro wani Dakta da ba a taɓa ji ba, John Hurt, ya cusa shi tsakanin na takwas da na tara. Wannan ma ya dagula lissafi, amma gardamarsa ba ta daɗe ba, domin labarin ya biya bashin da ya ci: mun ga mutumin da ya ɗauki nauyin hallaka garinsu, mun ga abin da kunyar ta yi wa waɗanda suka biyo bayansa, mun ga yadda aka ceci Gallifrey. Ita wannan Gallifrey da aka sha wuya aka ceto ce aka sake ƙonawa a farkon zangon 2020, ba a ma nuna mana yadda aka yi ba. In da ni ne Yaya, a nan zan kafa ƙarata.

Duk da haka ban bar kallo ba, kuma na ji daɗin da ban bari ba. Da Russell T Davies, marubucin da ya jagoranci farfaɗo da shirin a 2005, ya dawo a 2023 mutane da yawa sun zaci zai share maganar, kamar yadda aka yi watsi da zancen fim ɗin 1996 cewa mahaifiyar Dakta 'yar Adam ce. Bai share ba. A kashin Kirsimeti na shekarar, sabon Dakta Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, ya haɗu da Ruby, yarinyar da aka ajiye a ƙofar coci tana jaririya, ya gaya mata cewa shi ma bai daɗe da sanin riƙonsa aka yi ba. Magana ce ta 'yan daƙiƙoƙi, amma ta fi dogon karatun Master shiga raina. Duk wanda ya tashi a gidan da ake riƙon yara ya san nauyin ranar da yaro ya gane cewa wadda yake kira Inna ba ita ta haife shi ba. Da aka ajiye zancen baiwa aka kama zancen maraici, sai na ga amfanin abin da Chibnall ya dasa.

Hurumi kam marubuci yana da shi, tun 1966 ake amfani da shi, ba don shi ba da shirin ya mutu da tafiyar Hartnell. Shawarata ita ce ka nemo The Brain of Morbius ku kalla tare da Yaya, sannan ka roƙe shi ya daure ya kalli kashin Ruby. Ka bar shi ya fara magana, kada ka ce masa ka gani ko.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ina sauraron wasannin Doctor Who na murya, na kuma karanta wasu littattafansa. Wata ƙawata ta ce ɓata lokaci nake yi, wai duk abin da ba a nuna a talabijin ba ba ya cikin tarihin. Haka ne?
Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau, 'yar'uwa. Ina jin ƙawarki ta ɗauko dokar wani gida ne ta kawo wannan. A Star Wars akwai irin wannan hukunci: bayan Disney ta sayi Lucasfilm a 2012, sai a Afrilu 2014 kamfanin ya sanar cewa littattafan da aka yi shekaru ana rubutawa sun fita daga tarihin da sababbin finafinai za su bi, aka liƙa musu tambarin Legends. Masoya da yawa sun ji zafin wannan, kuma ina ganin suna da dalili, don sun sayi littattafan ne bisa fahimtar cewa ci gaban labarin ne.

BBC ba ta taɓa fitar da irin wannan sanarwa a kan Doctor Who ba. Daga 1989 da aka dakatar da shirin zuwa 2005, in ban da fim ɗin 1996, littattafai da mujalla da wasannin murya ne suka riƙe shi, kamfanin Big Finish ya fara nasa a 1999. Wasu daga cikin marubutan da suka farfaɗo da shi daga can suka fito. Paul Cornell ya rubuta littafin Human Nature a 1995 da Dakta na bakwai, aka mayar da shi talabijin a 2007 da David Tennant, ba wanda ya ce ɗaya ya soke ɗaya. A wani gajeren kashi na 2013 kuma, Paul McGann, Dakta na takwas, dab da zai rikiɗa, ya ambaci sunayen abokan tafiyarsa na wasannin murya ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Charley. Ki kunna wa ƙawarki wannan, bai kai minti bakwai ba.