Tambaya da Amsa: Jarida ta yi tsada, ina ɗalibaina za su karanta labarai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da ɗakin karatu a wata ƙaramar sakandare a Asawase, Kumasi. Mun daina sayen jarida saboda tsada. Kwamfuta biyu gare mu, data kuma daga aljihuna nake saya. Da na buɗe wa yara intanet su nemi labarai, sai in tarar da su a Facebook. Ina mafita? Daga wata Malama, Asawase.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya biya ki.

Manhajar tattara labarai kike buƙata, wadda ke aiki da tsarin RSS. Shafukan jaridu da yawa suna da wani adireshi na musamman da suke jera sabbin kanun labaransu. Alamarsa ɗan akwati ne ruwan lemo, mai ɗigo da baka biyu. In kin ba manhajar adireshin, ita za ta riƙa zuwa tana ɗauko labaran, ta jera su kamar wasiƙu. Ba sharhin 'yan gulma, ba bidiyon da zai janye hankalin yaro. In shafin da WordPress (wata manhajar gina shafukan intanet) aka gina shi, ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa yakan wadatar.

Cikin irin waɗannan manhajojin akwai Feedly da Inoreader, amma su sai da intanet a buɗe. A halin da kike ciki, Thunderbird nake ba ki shawara. Kyauta ce, kuma abin da ta ɗauko yana zama cikin kwamfutar. Ki kunna data da safe kafin a buga ƙararrawa, ta kwaso na ranar, ki kashe. Sai dai wasu jaridun taƙaitaccen labari kawai suke bayarwa, cikakken sai an koma shafinsu.

Kada ki yi zari. Lokacin da na haɗa wa wata makaranta a Aboabo, shafuka arba'in na zuba. Da na koma bayan mako biyu, na ga yarinya ta zauna gaban labaran da suka taru ba a buɗe ba, ta gungura sau biyu, ta tashi ta tafi. Muka rage su zuwa shida. Ki fara da BBC Hausa da DW Hausa, da jaridun gida biyu na Turanci, tunda da Turanci za su rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sai ɗaya na kimiyya. Duk Juma'a ki sa ɗalibi ɗaya ya zaɓi labari uku, ya rubuta su a allo, ya faɗa wa aji daga ina kowanne ya fito. Wannan ɗabi'ar ta tambayar tushen labari ita na fi so yaranmu na Zango su tashi da ita.

Ki kuma adana jerin shafukanki a fayil ɗin OPML, wato fayil ɗin da manhajar ke fitar da jerin adireshin shafukan a cikinsa, ki sa a filashi. Da Google ta rufe manhajarta ta tattara labarai, Google Reader, ranar 1 ga Yuli, 2013, ban ajiye nawa ba, sai da na sake tattaro su ɗaya bayan ɗaya.